Macizai Masu Ruwan Hoda: Launi Ɗaya a Ido, Asali Daban-daban

A duk watan Agusta, babban zauren taro na Daytona Beach da ke jihar Fulorida ta Amurka kan cika maƙil da masu kiwon dabbobi masu jan ciki. Tebura ne jere reras, a kan kowanne an tara ƙananan robobi masu murfi garai-garai, an huhhuda musu ƙofofin shan iska. Cikin kowace roba akwai ɗan maciji guda, kaurinsa bai fi na fensir ba, tsawonsa kuma bai wuce santimita 30 ba.

Inda jama'a suka fi yin cincirindo shi ne gaban teburan da aka jera masu launin ruwan hoda. An rubuta sunan kowanne a kan murfin robarsa: wannan Snow, wancan Coral Snow, na gefensa Salmon Snow, ga Opal, ga Bubblegum, ga Peppermint. Baƙon da ya zo kallo ba zai ga wani bambanci ba, domin duk jajayen idanu gare su, duk fatarsu ruwan hoda ce mai laushin kallo. Amma farashin wani yakan ninka na maƙwabcinsa.

Bayan shekara biyu ko uku ne ake gane dalili. Wani zai koma fari fat, wani wuyansa zai rine ya zama rawaya, wani kuma ruwan hodarsa zai ƙara kauri har ya kusa zama ja. Wannan shi ne abin da ke jawo ƙorafi tsakanin masu saye da masu sayarwa, a Daytona, a kasuwar Hamm ta Jamus, a Houten ta ƙasar Holan, da kuma shagunan intanet inda ake ciniki da hoto kawai.

Wane irin maciji ne?

Ga wanda ya tashi a inda kububuwa ke sarar manoma da damina, jin cewa wani ya ciro kuɗinsa ya sayi maciji don sha'awar launinsa abin mamaki ne. To amma waɗannan macizan masara ne, kuma macijin masara ba shi da dafi ko kaɗan. Naɗe ɓera yake yi ya matse shi, sannan ya haɗiye. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, tun daga jihar New Jersey har tsibiran ƙarshen Fulorida, ya yi yamma zuwa Luwiziyana. Manoman can sun saba ganinsa a rumbunan masara yana farautar ɓeraye, kuma da yawa na ganin nan ya samo sunansa, kodayake wasu na cewa zanen baƙi da fari na cikinsa ne ya yi kama da ƙwayoyin masara.

A daji launinsa ruwan goro ne ko ƙasa-ƙasa, da jajayen tabo manya a gadon baya, kowane tabo an kewaye shi da baƙi. Babba yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba shi da faɗa, ba ya wahalar ciyarwa, yana kuma hayayyafa cikin sauƙi a gida: mace takan saka ƙwai 10 zuwa 30, su ƙyanƙyashe cikin kusan wata biyu. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 15 zuwa 20, wani ma ya zarce. Waɗannan halaye ne suka sa ya zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a gidajen Amurka da Turai.

Likitan fata da zabiyan maciji

Duk wannan kasuwa ta launuka ta samo tushe daga maciji guda. A shekarar 1953 aka kama wani namiji zabiya a jihar North Carolina, ba shi da ɗigon baƙi ko ɗaya a jikinsa. Wani likitan fata mai suna Bernard Bechtel, wanda ya yi zamansa a garin Valdosta na jihar Jojiya, ya haɗa shi da mata masu launin daji a 1959. Duk 'ya'yan suka fito da launin iyayensu mata. Da ya haɗa 'ya'yan da junansu, sai ga zabiyoyi sun ƙyanƙyashe a 1961.

Abin da gwajin ya nuna shi ne rashin baƙin nan ɓoyayyen gado ne. Ba ya bayyana sai ɗa ya samo shi daga uwa da uba duka biyu. Wanda ya samu daga ɓangare ɗaya kawai zai fito kamar kowa, amma yana ɗauke da shi a jininsa. Masu kiwo na kiran irin wannan maciji het, kuma za ka ga kalmar a rubuce a kan murfin robobi fiye da kowace kalma.

Daga baya aka sami wasu macizan a kudu maso yammacin Fulorida waɗanda su kuma jan ne suka rasa, suka zama baƙi da toka-toka. Ana ce musu Anery, kamar yadda ake ce wa masu rashin baƙi Amel. Da aka tara gadon biyu a jikin maciji ɗaya, aka cire baƙi aka cire ja, sai aka sami wanda suka raɗa wa Snow, don farinsa irin na ƙanƙara. Aikin ba na gaggawa ba ne. Idan uwa da uba kowanne het ne na duka biyun, a lissafi ɗaya cikin 16 na 'ya'yansu ne zai fito Snow. Idan gado uku ake son tarawa, lissafin ya koma ɗaya cikin 64.

Ruwan hodar da ba launi ba ne

A nan ne mafi yawan masu saye suke ruɗewa. Fatar maciji tana da ƙwayoyin launi iri uku: masu baƙi, masu ja da rawaya, da wasu da ke ƙunshe da ƙananan lu'ulu'u masu mayar da haske. Idan an kawar da baƙi da ja, abin da ya saura kusan fata ce tsirara. Ɗan maciji sabon ƙyanƙyasa kuwa fatarsa siririya ce ƙwarai, don haka jinin da ke gudana a ƙarƙashinta ne ido yake gani. Dubi farcenka: shi kansa ba shi da launi, naman da ke ƙasa ne ya ba shi ruwan hoda. Haka ɗan Snow yake, haka ma jajayen idanunsa.

Yayin da yake girma yana saɓa, ɓawon jikinsa na ƙara kauri, jinin na ɓuya. Sai macijin ya yi ta yin fari. A lokaci guda kuma wani rawaya yakan fara fitowa daga haɓa da gefen wuya, yana bin jiki a hankali. Wannan rawayan ba ya cikin abin da gadon Anery yake hanawa, kuma yana ƙaruwa ne da shekaru. Wanda ya sayi ɗan Snow don ruwan hodarsa, sau da yawa abin da zai samu a shekara ta uku shi ne farin maciji mai rawayan wuya, da wasu tabo masu dishi-dishi a baya. Kyakkyawa ne, amma ba shi ya gani a roba ba.

Akwai ɗan'uwansa da ake kira Blizzard, wanda aka samu daga haɗa Amel da wani nau'in rashin ja na daban mai suna Charcoal, da ya fito daga tsibirin Pine na Fulorida. Shi ma da ruwan hoda yake ƙyanƙyashewa, amma yakan fi Snow yin fari idan ya girma, har zanen bayansa ya kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Coral da Salmon: inda rigimar take

Tun da wuri masu kiwo suka lura cewa ba duk Snow ne ke komawa fari ba. A cikin ƙyanƙyasa guda za a sami ɗaya ko biyu da suka riƙe ruwan hodarsu har girma. Sai aka riƙa ware waɗannan ana haɗa su da junansu, zuriya bayan zuriya. Daga irin wannan zaɓe ne sunaye kamar Bubblegum, Neon da Champagne suka fito. Wasu tabonsu ne ruwan hoda, wasu filin jikin ne, wasu ma tabon nasu kan yi kore-kore a kan ruwan hodar. Ba wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ita ce sanadi. Taruwar ƙananan abubuwa ce da haƙurin mai kiwo ya haɗa, shi ya sa da an haɗa irin wannan maciji da baƙon jini, launin yakan sirke a 'ya'yansa.

Sunan Coral Snow shi ya fi kowanne jawo gardama. Da farko an yi amfani da shi ga Snow da ke ɗauke da gadon Hypo, wanda aikinsa rage baƙi ne. An ɗauka Hypo ɗin ne ke kawo ruwan hodar. Amma da aka ci gaba da gwaji, sai aka ga akwai Snow masu Hypo da yawa da suke girma farare kamar sauran. Hankali ya koma kan wani gado mai suna Strawberry, wanda masu kiwo suka gano a mazauni ɗaya yake da Hypo, amma yana ƙara wa ja ƙarfi. Sannan aka zo kan abin da suke kira Red Factor, wanda ya sha bamban da waɗancan domin ba ɓoyayye ba ne: ko daga ɓangare ɗaya ɗa ya samo shi yakan nuna a jikinsa, idan kuwa daga uwa da uba ne launin ya fi kauri.

Yau masu kiwo da yawa na kiran Snow mai Red Factor ɗaya Coral, mai biyu kuma Salmon, sunan wani kifi mai jan nama. Sunan Salmon ya shahara ne ta hanyar zuriyar da gidan kiwo na JMG Reptiles ya fitar a Amurka, kamar yadda ake alaƙanta Coral da Don Soderberg na South Mountain Reptiles a jihar Tekzas. Amma ba kowa ke bin wannan rabon suna ba. Wani har gobe Snow mai Hypo yake nufi da Coral. Wani kuma duk Snow da ya ga ya ɗan fi 'yan'uwansa ruwan hoda sai ya rubuta masa Coral a murfi, ya ƙara farashi.

Bambancin waɗannan da Snow na gama-gari a bayyane yake ga wanda ya jira. Su ruwan hodarsu launi ne na gaske a cikin fata, jan da ya samu hanyar fitowa duk da gadon Anery. Don haka maimakon ya gushe da girma, ƙaruwa yake yi. Salmon na kirki yakan fi kyau a shekara biyu fiye da ranar da ya fito daga ƙwai.

Opal da danginsa

Wata hanyar kuma ba ta bi ta Anery ba sam. A shekarun 1980 wani mai kiwo a Fulorida, Rich Zuchowski, ya fitar da macizai masu launin toka mai sirkin shunayya, waɗanda aka sani yanzu da Lavender. Idan aka haɗa Lavender da Amel ana samun Opal. Ɗan Opal yana kama da ɗan Snow matuƙa, har gogaggen mai kiwo kan yi shakka idan bai san iyayen ba. Amma idan an dubi tsakanin tabonsa da kyau, akan ga ruwan hodar ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo mai haske. Da girma shi ma yakan yi fari, zanensa ya dushe, ya bar wani ɗan sheƙi a jiki.

Peppermint kuwa haɗin Amel ne da Cinder, gadon da asalinsa tsibiran kudancin Fulorida ne. Nasa ruwan hodar a tabo yake zama, a kan farin fili.

Ga abin da ke nuna cewa kamannin ido ba ya isa. Ɗauki Snow ka haɗa da Opal, biyun duk masu ruwan hoda. Idan babu wani ɓoyayyen gado da suka yi tarayya a kansa ban da Amel, ba ɗa ko ɗaya da zai fito Snow ko Opal. Duka za su zama Amel, jajaye da ruwan lemo, domin Anery na ɓangare ɗaya ne, Lavender na ɗaya ɓangaren. Sababbin masu kiwo da yawa sun jira shekara uku kafin su ga wannan da idonsu.

Abin da masana suka gano

Yawancin abin da aka sani game da waɗannan launuka masu kiwo ne suka gano shi ta hanyar haɗawa da jira da ƙirga 'ya'ya. Amma masana sun fara shiga. A Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan, ayarin Michel Milinkovitch da Athanasia Tzika sun ɗauki macijin masara a matsayin dabbar bincike. A 2015 suka nuna cewa rashin baƙin Amel ya samo asali ne daga wani guntun gado da ya kutsa cikin ƙwayar gadon da ake kira OCA2 ya lalata aikinta. Ita wannan ƙwaya mutane ma suna da ita, kuma lahaninta ne ke haddasa nau'in zabiyanci mafi yawa a Afirka kudu da Sahara.

A 2020 kuma suka gano cewa Lavender lahani ne a wata ƙwayar gado mai suna LYST, wadda ke kula da ƙananan jakunkunan da ƙwayoyin fata ke adana launi a ciki. Da ta samu tangarɗa, baƙi da ja duka suna raguwa tare, abin da ya bayyana dalilin da Lavender yake da wannan launi nasa mai wuyar siffantawa, ya kuma tabbatar da cewa ruwan hodar Opal hanyarsa daban take da ta Snow.

Jinsi, saɓa da kyamara

Ko a cikin zuriya ɗaya ba a samun launi bai-ɗaya. Masu kiwon Coral da Salmon sun daɗe da lura cewa maza sun fi mata ruwan hoda, kuma hotunan da ake tallata zuriya da su kusan kullum na maza ne. Wanda ya sayi mace yana tsammanin za ta zama kamar ubanta yakan ji ba daɗi.

Sannan ga lokacin ɗaukar hoto. Kwanaki kafin saɓa, idon maciji kan yi hazo, launinsa ya dushe. Washegarin saɓa kuwa yana kan ganiyar kyansa. Hasken rana, hasken fitila, baƙin ƙyalle da aka shimfiɗa a ƙasa, da yadda kyamarar waya ke ƙara wa launi kauri da kanta, duk suna iya mayar da ɗan Snow na gama-gari ya zama abin da ba shi ba. Sayen irin wannan maciji da hoto guda cinikin biri ne a sama.

Kowa da hujjarsa

Manyan masu kiwo na cewa farashinsu halal ne. Ba a yarda a haɗa mace ba sai ta cika abin da suke kira ƙa'idar uku: shekara uku, tsawon ƙafa uku, nauyin giram 300. Gina zuriya mai riƙe launi yakan ci zuriya huɗu ko biyar, wato sama da shekara goma na ciyarwa da shara da rubuta wa kowane maciji tarihinsa. A ganinsu, wanda ya ari sunan zuriyarsu ya liƙa wa macijin da bai fito daga cikinta ba ya ci guminsu, ya kuma cuci mai saye.

Ƙananan masu sayarwa kuwa na cewa ba wanda ya mallaki waɗannan sunaye. Babu wata hukuma da ke rajistar macizai kamar yadda ake yi wa karnuka da dawaki, kuma littattafan da ake dogaro da su, irin na Kathy da Bill Love da jagorar launuka ta Charles Pritzel, shawara suke bayarwa ba doka ba. Idan maciji ruwan hoda ne, suka ce, me ya hana a kira shi da sunan da kasuwa ta sani?

A nan ina tare da na farko. Sunan da ke kan murfi alkawari ne game da yadda dabbar za ta zama nan gaba da abin da za ta haifa, kuma mai saye ba shi da wata hanyar sanin haka sai ta bakin mai sayarwa. Abin da ya fi damuna ma shi ne makomar macijin kansa. Dabba ce da za ta yi shekara ashirin a hannun mutum. Wanda ya saye ta don launi kaɗai, launin kuma ya gushe a shekara ta biyu, shi ne ake fargabar zai yi sakaci da ita ko ya nemi inda zai yar.

Akwai kuma masu sukar harkar gaba ɗayanta, musamman ƙungiyoyin kare dabbobi da wasu likitocin dabbobi a Jamus da Birtaniya. Damuwarsu ita ce yawan haɗa 'yan'uwa na jini don tsare launi yana fito da nakasa. Ba zargi ne na banza ba. A zuriyar macijin masara da ake kira Sunkissed an taɓa samun wata ɓoyayyiyar cutar jijiya mai suna Stargazer, wadda ke sa maciji ya riƙa karkace kai yana kasa daidaita jikinsa, kuma sai da masu kiwo suka yi shekaru suna gwajin haɗawa kafin su ware masu ɗauke da ita. A 2018 wata babbar ƙungiyar masu kiwo ta Birtaniya ta hana sayar da nau'in Spider na ƙaramar mesar nan da ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin a kasuwanninta, saboda rawar kai da ke tafiya tare da zanensa.

Shi launin ruwan hoda ba a lissafa shi cikin masu kawo irin wannan nakasa. Abin da irin wannan maciji yake buƙata kawai shi ne kula da idanu, domin duk macijin da ba shi da baƙi haske mai ƙarfi yana damunsa, sai an tanadar masa maɓoya da inuwa a kejinsa. Haɗarin yana wajen mai kiwon da ya ƙi shigo da sabon jini don tsoron kada launi ya sirke.

Doka ma tana da nata. Jihar Jojiya, inda Bechtel ya zauna, ta hana ajiye macijin masara a gida domin yana cikin macizan jihar na asali. New Jersey ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a dajinta. Ostareliya kuwa ta haramta wa mutane ajiye shi don gudun kada ya kuɓuce ya yaɗu.

Abin da gogaggu ke tambaya

Waɗanda suka daɗe a harkar ba sa tsayawa kan sunan da ke murfi. Suna neman ganin hoton uwa da na uba a girmansu, cikin hasken rana. Suna tambayar yadda 'ya'yan bara na iyayen nan suka zama, maza da mata. Suna so a faɗa musu gadon da ke jikin macijin ɗaya bayan ɗaya, Amel ne da Anery da me, sannan daga zuriyar wa ya fito. Suna kuma duba takardar ciyarwa, domin ɗan da bai ci ɓera sau da yawa a jere ba bai isa sayarwa ba, ko wane irin launi gare shi.

Wasu ma ba sa sayen sabon ƙyanƙyasa sam idan ruwan hoda suke nema. Sukan ƙara kuɗi su ɗauki ɗan shekara ɗaya, wanda ya riga ya yi saɓa sau da dama, fatarsa ta yi kauri, jinin ya ɓuya, aka ga ko akwai launi a ƙarƙashi ko babu.